Ɗari da Ashirin da Shida

Dalys ta dire farantin a tsakiyar teburin domino, ƙwayoyin suka watse. Shinkafa da kwakwa ce da rabin soyayyen kifi, ko cokali ba a sa a ciki ba.

"Wane ne a cikinku ya gaya wa babana zai hau sikeli?"

Maza huɗu ne a teburin, a ƙarƙashin barandar tsohon gidan katakon da dukansu suke haya a garin Colón. Ba wanda ya ɗaga kai. Nicanor, wanda ya girme su duka, ya sunkuya yana laluben ƙwayar da ta gangara bakin kwata. Tacho ya juya yana kallon tasi ɗinsa da ke fake a bakin titi, kamar wani ya kira shi daga can.

Ta ce tun ranar Lahadi babanta Don Cipriano bai haɗiye komai ba. Abinci ya ƙi, ruwa ya ƙi. Ya sa an kawo masa gwangwanin madara, yana tsotsar lemun tsami yana tofa yawu a ciki. Yau da safe ta tarar ya huda ledar shara ya zura a jiki, ya ɗora rigar sanyi a kai, ya rufe taga, a cikin wannan zafin. In ta yi masa magana sai ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan.

"Saura kaɗan ya kai ina?" in ji ɗaya daga cikin mazan.

"Ɗari da ashirin da shida."

Nicanor ya ɗago a hankali da ƙwayar a hannu. Bai kalli Dalys ba. Tacho ya kalla.

Duk wanda ya girma a titin ya san lambobin nan tun kafin ya san ranar haihuwarsa. Cipriano Lashley ɗan dambe ne, ya ci kambun ƙasa sau uku a ajin nauyi uku. Na fari a laba ɗari da ashirin da shida, lokacin yana siriri kamar sandar rake. Na biyu a ɗari da talatin. Na uku a ɗari da talatin da biyar, kuma a wannan nauyin ne aka kai shi ƙasar waje neman kambun duniya, aka dawo da shi ido ɗaya a rufe. Daga nan ya yi gadi a tashar jiragen ruwa har ƙarfi ya ƙare. Yanzu ƙwaƙwalwar ta tafi. Wani lokaci ya kira Dalys da sunan marigayiya uwarta, wani lokaci ya tambayi dalilin da ya sa ba a buga ƙararrawa ba. Kullum da rana ana zaunar da shi a kujera mai lilo a baranda, daidai saman teburin domino, mutane kuma sun saba yin magana a gabansa kamar yadda ake yi a gaban kabad.

Ranar Lahadin an kalli dambe a talabijin ɗin mai shago, aka dawo tebur da musu. Wane ne ya fi kowa a cikin waɗanda garin ya haifa, wa ke na biyu, wa za a cire. Irin musun da ba ya ƙarewa. Tacho bai taɓa sa safar dambe ba, amma ba wanda ya kai shi sani. Tsakanin fasinja da fasinja tsofaffin faɗace-faɗace yake kallo a waya, ranar Asabar kuma ya kira gidan rediyo ya gyara wa masu sharhi. Da Nicanor ya ce ai kambu uku a aji uku ba wasa ba ne, sai Tacho ya jingina da bango ya buga ƙwaya a tebur.

Ya ce kambu ɗaya ne da 'yan rakiya biyu. A ɗari da ashirin da shida mutumin wuƙa ne, wannan ko maƙiyi ya yarda. A ɗari da talatin sa'a ce, don ya tarar da zakaran ya tsufa. A ɗari da talatin da biyar kuwa buhun shinkafa aka ɗora a jirgi aka kai wa baƙi suka daka. Ya ce kwaɗayi ne ya hau da shi. Da ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, da yanzu sunansa ne a allon titin nan.

Aka yi dariya sosai. Har mai shago ya fito yana tafa masa. A sama kujerar ta daina lilo, amma ba wanda ya kula sai yanzu da aka tuna.

Dalys ta ɗauki farantinta. Ta ce ba ta zo neman mai laifi ba, ta zo ne ko akwai wanda zai iya sa shi ya sha ruwa. Ta hau bene.

"Sai ka tashi, malamin rediyo," in ji Nicanor.

"Kawu, mutumin nan ko sunansa ba ya tunawa."

"Nauyinsa fa?"

Tacho ya tashi.

Ɗakin na warin zufa da lemun tsami da leda mai zafi. Don Cipriano na zaune a bakin gado, gwiwoyin hannu a kan cinya, kai a sunkuye, gwangwanin a tsakanin ƙafafunsa. Leɓɓansa sun tsattsage. Yana tara yawu da ƙyar, ya tofa, abin da ke fitowa bai kai a kira shi yawu ba. A bango hotuna uku ne a jere, mutum ɗaya, kowane ya ɗan fi na baya kauri.

Tacho ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi. Ya ce zancen ranar Lahadi wasa ne, kowa ya san Don Cipriano zakara ne a ko'ina aka ajiye shi. Ya faɗa sau biyu, na biyun da ƙarfi. Tsohon ya ɗago ya dube shi kamar yadda ake duban mai tallan abin da ba a buƙata.

"Rufe ƙofa, iska na shigowa."

Tacho ya karɓi kofin ruwa daga hannun Dalys ya matsa kusa. Hannun hagun tsohon ya fita. Ba ƙarfi a cikinsa, amma ya san hanya. Kofin ya bugi bango, ruwan ya jiƙa wa Tacho wando.

"Wa ya aiko ka?" in ji Don Cipriano. "Mutanen wancan ɓangaren?"

Washegari suka kai shi asibiti a motar Tacho. Aka sa masa ƙarin ruwa, ya fizge allurar. Aka mayar, aka ɗaure masa hannu da gado, ya yi ta kokawa har fatar ta saɓule, yana cewa suna zuba masa laba ta jijiya. Likitar, wata yarinya mai gajiyayyun idanu, ta ja Dalys gefe ta ce ƙodarsa dama ba ta da ƙarfi, in bai sha da bakinsa ba babu abin da allura za ta yi masa sai wahala. Dalys ta ce a kwance masa hannu. Suka dawo da shi gida. A hanya Tacho na jin ƙarar tofin a gwangwani daga kujerar baya, ya kasa kunna rediyo, ya kasa duba madubi.

Nicanor ne ya zo da dabarar. Shi ne mai riƙe wa Cipriano bokiti da soso a kusurwa tun daga faɗan farko har na ƙarshe, hancinsa ma a karkace yake don shi ma ya gwada kafin ya gane ba hanyarsa ba ce. Ya tare Tacho a gindin matakala ya ce kuskuren da kowa ke yi shi ne lallashi. Ɗan damben da ke busar da jiki ba ya jin uwa, ba ya jin likita, ba ya jin fadan coci. Abu ɗaya ne ke buɗe masa maƙogwaro: ya hau sikeli, jami'i ya faɗi nauyin da ƙarfi a gaban mutane. Daga wannan lokacin ko teku ka ba shi zai shanye.

Tacho ya ce ai Dalys na da sikelin banɗaki.

"Na banɗaki," in ji Nicanor. "Ka ga bambancin mai kallo a waya ke nan. Zai hau abin da mata ke hawa bayan Kirsimeti?"

Sai na gaske, mai sanda da ƙarfen da ake turawa. Akwai ɗaya a tsohon ɗakin horon da ya zama wurin ajiye tayoyi, mai wurin ya ce su ɗauka in za su iya. Suka kwantar da kujerar gaba suka cusa shi a tasi, kansa na leƙe ta taga. Sai jami'i. Nicanor ba zai yi ba, shi ɗan kusurwa ne, tsohon ya san fuskarsa. Dole baƙo, mai farar riga, wanda ba ya dariya. Nicanor ya dubi Tacho.

"Kai ba ya gane ka. Kuma kai ka yanke masa ajin. Sai ka karanta masa."

Tacho ya ce bai iya ba. Nicanor ya ce mutumin da ke gyara wa rediyo magana kowace Asabar ba zai kasa faɗin lamba ɗaya ba.

Da safe aka kafa sikelin a tsakar gida, kusa da famfo, ƙarƙashin igiyoyin shanya. An yi ruwa da asuba, simintin na tururi. Dalys ta bi ɗaki ɗaki ta roƙi mutane su fito su tsaya, don awo ba ya yiwuwa ba taro. Mata suka fito da zanen barci da abin naɗe gashi, mai shago ya rufe shago, 'yan domino suka jeru a jikin bango. Tacho na sanye da farar rigar da Nicanor ke zuwa jana'iza da ita, ta matse shi a hammata. A kan kujera kusa da shi Nicanor ya ajiye ɗanyar kwakwa an sare mata kai, da tukunyar romon kaza da doya a rufe.

Aka sauko da shi. Nicanor a dama, Dalys a hagu, ƙafafunsa na taɓa matakala ne kawai don ladabi. Amma da idonsa ya faɗa kan sikelin sai ya zame hannunsa daga nasu. Ya miƙe. Ya tako shi kaɗai, kafaɗa ɗaya a gaba, yana ɗan karkaɗa wuya, ya kalli taron ya ɗaga musu gira. Wata tsohuwa ta kira shi zakara. Wasu suka amsa.

Ya tuɓe rigar sanyin, ya yaga ledar. Ya tuɓe wando. Nicanor da Dalys suka buɗe babban tawul suka riƙe a gabansa, kowa da gefensa, don ya cire sauran. Tacho ne kaɗai ke bayan tawul ɗin, shi kaɗai ya gani. Haƙarƙari a jere kamar kwandon kama kifi. Cinyoyi ba su fi damtsen Tacho ba. Fatar ciki ta rataya kamar rigar aro.

Tacho ya tura ƙarfen zuwa ɗari da ashirin da shida. Tsohon ya fitar da numfashi duka, kamar yadda suke yi, ya hau.

Sandar ba ta motsa ba. Tana kwance a ƙasa.

Tacho ya san abin da hakan ke nufi. Da zai yi gaskiya sai ya ja ƙarfen baya, ya sake ja, ya wuce duk ajin da mutumin nan ya taɓa faɗa a ciki, ya kai shi nauyin yaran makaranta, sannan ya faɗa a gaban mutane. Bai yi tunanin wannan ba. Ba wanda ya yi. Duk sun shagala da yadda za a ce ya kai, ba su tuna ya daɗe da wucewa ba.

Don Cipriano ya ƙura wa bakin sandar ido yana jira ta yi iyo a tsakiya. Da ya ga ta ƙi, goshinsa ya fara tattarewa. Zai ce sikelin ya lalace. Zai ce a sake gobe.

Tacho ya matso da jiki kamar mai duba lamba, ya ɗora ƙafarsa ta dama a bayan farantin sikelin, ya danna. Sandar ta girgiza. Ya ƙara. Ta fara tashi. Sai ya ga ta sake komawa ƙasa, ya duba ya ga dalili: tsohon ya ɗora yatsu biyu a bakin tawul ɗin yana dogarawa a hankali, fuska a sake kamar ba shi ba. Tsohuwar dabara ce, ta sace ɗan abin da ya rage. Nicanor kuma, ko don sabo ko don tausayi, ya ɗame gefensa yana taya shi. Suna ragewa ta gaba, Tacho na ƙarawa ta baya. Zufa ta keto masa a cikin rigar aron. Ya jingina rabin jikinsa a kan ƙafar, har sai da sandar ta tashi, ta yi lilo, ta tsaya a tsakiya.

Muryarsa ta fita siririya. Ya yi gyaran murya ya sake.

"Cipriano Lashley. Laba ɗari da ashirin da shida daidai."

Tsakar gidan ta ɗauki tafi. Tsohon ya ɗaga hannaye biyu ya lanƙwasa su, ya nuna abin da ya rage na damtse. Aka naɗe shi da tawul, aka zaunar da shi. Nicanor ya kai masa kwakwar baki. Ya kurɓa, ya kurkure baki, ya juya kai gefe kamar mai neman bokiti. Kowa ya tsaya. Dalys ta sa hannu ta toshe bakinta.

Ya haɗiye.

Ana ganin ruwan na wucewa ta maƙogwaronsa. Ya sake kurɓa. Ya karɓi kwakwar da hannu biyu ya kafa kai, ruwan na bin haɓarsa yana sauka a ƙirji. Nicanor na cewa a hankali, zakara, a hankali, shi ma ruwa na bin tasa fuskar. Mata suka fara zuba romo.

Tacho ya ja baya zai sulale, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma bai iya zamewa ba.

"Kai ɗan Greaves ne."

Idanun sun canza. Akwai mutum a cikinsu.

"Ni ne, Don Cipriano."

"Ubanka ba ya da surutu. Wajen wa ka gado?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Tacho ya ce ya yi masa afuwa, shirme ne na tebur. Tsohon bai saurari wannan ba.

"Wuƙa ka ce. Na ji. Wuƙa ce." Ya lashi leɓe. "Ka taɓa kwanciya da ƙishirwa, ruwa na dukan kwanon ɗaki a kanka? Ka tashi ka leƙa harshe ta taga, wannan ɗan banzan ya jawo ka baya?" Ya nuna Nicanor da haɓa. "Ba kwaɗayi ba ne, yaro. Ba don kambu na hau ba. Ruwa nake so in sha."

Tacho ya buɗe baki. Duk abin da ya sani game da mutumin nan, turmi nawa, da wa, a wane fage, yana nan a kansa a jere, babu ɗaya da zai iya faɗa. Ya tsaya da rigar da ta matse shi, mutanen gidan duka na kallonsa.

Sai idanun suka sake yin hazo. Don Cipriano ya dubi farar rigar, ya dubi fuskar, ya hango motar ta ƙofar gida.

"Kai ne direba? Yaushe za ka zo ɗaukata?"

Wannan ma ba wanda ya yi tunaninsa. A zamaninsa da safe ake awo, da yamma a yi damben. Wanda ya hau sikeli yau, yau zai hau fage. Tacho ya kalli Nicanor, Nicanor ya kalli ƙasa.

"Da yamma," in ji Tacho.

"Kada ka makara. Ban taɓa sa taro jira ba."

A gindin matakala Nicanor ya ce abin mai sauƙi ne. In rana ta yi sanyi Tacho ya kawo mota, su sa shi a baya, su zaga da shi ta bakin teku ya ga jiragen da ke jiran layi. A can sai a ce masa abokin karawar ya kasa yin nauyi, ya gudu. A ɗaga masa hannu a dawo da shi ya yi barci. Tacho ya ce to. Ya tuɓe rigar ya mayar masa, ya shiga mota ya tafi aiki.

Ya yi ta yawo da fasinjoji bai san inda ya kai su ba. Da yamma ya dawo, ya faka a ɗaya gefen titi, bai kashe inji ba. Daga nan yana hango baranda. An fito da Don Cipriano. Ba ya cikin kujera mai lilo, a kan benci yake, tawul a kansa, hannayensa biyu naɗe da farin bandeji, a kife a kan gwiwa. Nicanor na tsaye a bayansa yana murza masa wuya. Dalys na riƙe da kofi, yana juyowa ya kurɓa ya mayar da ido kan titi. Kowace mota ta wuce sai kansa ya bi ta.

Abin da ya rage kaɗan ne. Danna oda ne kawai da ɗaga hannu. Tacho ya sa tafin hannunsa a kan odar. Ya tuna madubin mota, da yadda fuskar za ta zauna a cikinsa duk tsawon hanya. In hazo ne a idanun zai iya. In mutumin ya dawo cikinsu fa, a tsakiyar titi, ya sake kiran sunan ubansa?

Wata mata da jakunkunan cefane ta ƙwanƙwasa gilashi ta tambaya ko zai je Sabanitas.

Ya ce ta shigo.

Daga Sabanitas ya sami wani. Daga can wani. Wayarsa ta yi ta haske a kan kujera, ya kife ta. Ya gaya wa kansa zai koma in ya sauke wannan, sannan in ya sauke na gaba. Ruwa ya sauko. Ya gaya wa kansa yanzu ai sun shigar da shi ciki, ya manta, ƙwaƙwalwar ba ta riƙe komai. Ya kwana a gidan yayarsa, ya ce mata titin unguwarsu ya cika da ruwa.

Da ya iso da safe an jera kujerun roba a ƙarƙashin baranda inda teburin domino yake zama. Mai shago na ɗaura baƙin ƙyalle a ƙofar gida. Tacho ya daɗe a cikin mota kafin ya fito.

A matakala ya haɗu da Dalys tana saukowa da zanen gado a naɗe. Ya matsa jikin bango ya ba ta hanya. Ta tsaya. Ya so ta zage shi. Ya shirya wa mari ma.

Ta ce da asuba ya cika. Ya sha ruwa sosai, ya sha romo kofi biyu, har ya nemi ƙarin doya. Likitar da ta zo ta ce ƙodar ta riga ta tsaya tun kafin awon, ba abin da yawo a mota zai canza. Ta ce ya zauna a baranda har ruwa ya fara feso shi, ya ƙi a shigar da shi, ya ƙi a kwance masa hannu. Da bandejin ya tafi.

Tacho ya ce motar ce ta ba shi matsala. Ta dube shi kawai.

"Bai yi fushi ba," in ji ta. "Damuwa ya yi. Ya ce direba ba ya makara haka kawai. Ya yi ta cewa Kawu Nicanor ya je ya duba yaron nan, kada wani abu ya same shi a hanya."

Ta gyara zanen a hannunta ta sauka.

A zaman makoki aka dafa kofi, aka zaga da biskit da kwalbar giya. Tsofaffin 'yan dambe suka zo daga unguwanni, masu kunnuwa a murɗe da magana a hankali, kowa cikin rigarsa ta coci. Ba a daɗe ba musun ya tashi, don ba su san wata hanyar yin ta'aziyya ba. Wani ya ce a ɗari da talatin ya fi iya dambe, ƙafa ce kawai ta ragu. Wani ya ce ƙarya ne, na farkon ba a taɓa yin irinsa ba. Wani ya ce a daina raina na ukun, wanda ya doke shi a waje ai ba mutum ba ne. Mai shago ya hango Tacho a bakin ƙofa ya ce ga mai hukunci nan, ya zo ya raba su. Nicanor bai ɗago daga kofinsa ba. Tacho ya ce ya bar gilashin mota a buɗe. Ya fita ya tsaya a jikin motar, gilasanta duk a rufe.

Ranar jana'iza motar gawa ta kasa matsowa saboda ramin titi, ta tsaya a kwana. Sai an sauko da akwatin daga bene an taka da shi. Ana neman mutum huɗu. Nicanor ya kama gaba, mai shago ya kama kusa da shi, wani ɗan'uwan Dalys ya kama baya. Saura gefe ɗaya. Dalys ta duba ɗakin, ta tsayar da ido a kan Tacho. Ya je ya kama.

Suka kafa ƙafa, suka ja numfashi, Nicanor ya ba da alama da ka, suka ɗaga gaba ɗaya. Akwatin ya yi sama kamar an fizge shi, har ya kusa bugun fitilar rufi. Tacho ya yi taga-taga. Suka tsaya da shi a kafaɗa suna kallon juna. Katakon ne kawai suke ji.

A ƙasa titi ya cika. Mutane sun jeru tun daga ƙofar gida har kwana, tsofaffin 'yan damben a gaba, huluna a hannu, duk sun ɗaga kai suna jiran a fito da zakara.

A bakin matakala Nicanor ya tsaya. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya sauke kafaɗa, ya ɗaure fuska, ya fara numfashi da ƙarfi ta hanci. Mai shago ya dube shi, ya yi yadda ya yi. Na bayan ma haka. Suka fara sauka, taki ɗaya, su huta, taki ɗaya, katakon benen na kuka a ƙarƙashinsu. Yayyafi ya soma. Da suka fito titi taron ya dare musu hanya, Tacho ya sunkuyar da kai, ya kawo ɗaya hannun ya tallafi ƙasan akwatin, kamar kafaɗa ɗaya ba za ta iya ba.